Tambayoyi da amsoshi: shirya tsohuwar jif mai ƙarancin maleji don gwanjon intanet

Wannan shafi na waɗanda ke da tsohuwar motar shiga daji ne, wadda ba ta ci hanya sosai ba, suke kuma son saka ta a gwanjon intanet irin su Bring a Trailer da Cars & Bids na Amurka, ko Collecting Cars na Ingila. Mun ɗauki Toyota Land Cruiser FJ60, wadda aka sayar a Amurka daga 1981 zuwa 1987, a matsayin misali, amma yawancin bayanin ya hau kan FJ40, Land Rover Defender, Ford Bronco ta farko ta 1966 zuwa 1977, da Jeep CJ-7.

Me masu tayi ke biya wa kuɗi a irin wannan mota?

Abu biyu: yadda ta fito daga kamfani, da hujjar cewa haka ta fito. Duk mai kuɗi zai iya kai tsohuwar Land Cruiser gareji a warware ta a sake ɗaurawa ta dawo fes, amma ba wanda zai iya mayar mata da fentin kamfani bayan an goge shi, ko kujerun asali bayan an yage su an zubar. Saboda haka aikin mai sayarwa ba sabunta motar ba ne. Aikinsa shi ne ya tashe ta a hankali, ya tsabtace ta, ya tabbatar tana tafiya tana tsayawa lafiya, sannan ya nuna komai a fili. Mafi yawan asarar da ake yi a wannan kasuwa daga gyaran da ba a buƙata take zuwa, ba daga rashin gyara ba.

Yaya zan tabbatar wa mutane cewa malejin gaskiya ne?

Lambar da ke kan agogon maleji ita kaɗai ba hujja ba ce. Agogon FJ40 lamba biyar yake da ita, idan ya kai 99,999 sai ya koma sifili, don haka motar da ke nuna mil 32,000 tana iya zama ta yi 132,000. Na FJ60 lamba shida ne, wannan matsalar ba ta taso ba, sai dai ana iya sauya agogon gaba ɗaya, ko wayar da ke juya shi ta tsinke a yi shekaru ana tafiya bai ƙirga ba. Kuma a Amurka takardar mallakar mota mai wannan shekarun galibi ba ta ɗauke da maleji, domin doka ta ɗauke wa tsofaffin motoci wannan sharaɗi. Carfax ma, kamfanin da ke ba da rahoton tarihin mota, sai da lambar shasi mai harufa 17 yake aiki, wadda aka fara a 1981, ke nan motar da ta girmi haka ba ta da rahoto a wurinsu.

Abin da ke gamsar da mutane shi ne takardu masu kwanan wata da maleji, a jere: rasit ɗin sayen motar, rasit ɗin juyen baƙin mai, takardun binciken lafiyar mota na shekara-shekara, ƙananan sitika da masu juye ke mannawa a bakin ƙofa ko gilashi. A jera su daga na farko zuwa na ƙarshe a ɗauki hoton kowanne. Idan akwai giɓin shekaru, a faɗa, a kuma faɗi dalili in an san shi.

Sai shaidar jikin motar. Robar fedar birki da ta kuloci, idan asali ce, za a ga zanen ta bai shafe ba. Gefen kujerar direba inda ake zamewa a sauka bai lotsa ba. Sitiyari bai yi santsin hannu ba, makullin asali bai cinye ba, ƙofar direba ba ta sunkuya a kan hinji ba. Lambobin agogon suna zaune a layi ɗaya, kusoshin da ke riƙe da shi babu alamar an taɓa su da sukundireba. Kada a sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sabuwar robar feda a motar da aka ce ta yi mil 30,000 tana jawo tambaya fiye da tsohuwa. Idan kuwa ba ka da hujja, rubuta cewa ga abin da agogo ke nunawa amma ba a tabbatar ba. Shafukan suna da alamar da suke sa wa irin wannan, TMU, wato ba a san ainihin maleji ba, kuma gara ka sa ta da kanka da a tilasta maka a tsakiyar gwanjo.

Ta yi shekaru a ajiye. In sa sabon batir in murɗa makulli?

A'a. A nan ne ake lalata injin da ba abin da ya same shi. Baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa daga bangon silinda, ringi na iya kamawa, fetur ɗin da ke tanki ya zama danƙo.

Fara da mai. Tankin FJ60 lita 90 yake ci. A zuƙe duk abin da ke ciki, a leƙa da fitila. Idan akwai tsatsa ko baƙin danƙo a ƙasa, a sauke tankin a wanke, domin in ba haka ba zai yi ta toshe filta da kafireta. Fetur mai haɗin etanol da ake sayarwa a Amurka yana jan ruwa daga iska, yana kuma cin tsohuwar roba, saboda haka duk tiyon mai na roba a sauya shi, tare da filtar mai. Wannan ba wurin neman asali ba ne, tsohon tiyo da ya tsage a kan inji mai zafi gobara ce.

Sannan a cire filogi shidan, a zuba kamar cokali ɗaya na mai marar kauri a kowane rami, a bar shi ya kwana. Washegari a kama notin fulin gaba da soket a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ya cije, kada a yi masa ƙarfi, a ƙara mai a ba shi kwanaki. Idan ya juya, a juye baƙin mai da filta. Injin FJ60, wato 2F, yana cin kusan lita 8. Har yanzu filogi na waje, a cire wayar koyil, a buga sitata daƙiƙa 10 zuwa 15 a huta, a maimaita har allurar matsin mai ta motsa. Sai a mayar da filogi a tayar, a bar shi a silo ba tare da taka totur ba, ido na kan allurar zafi da ƙasan mota.

Kafireta kusan kullum sai an buɗe ta an wanke an sa sabbin gaskit. A gyara ta asalin ta kamfanin Aisan, kada a ɗora wata. Ruwan lagireto a zubar, a ɗauraye, a sauya tiyo da fanbel. Injin 2F da haƙoran giya yake juya kamshaf, babu bel ɗin taimin da za a damu da shi, amma mai Defender mai injin dizal 200Tdi ko 300Tdi lallai ya sauya nasa kafin tayarwa, domin shekaru ke kashe bel, ba maleji kaɗai ba, kuma idan ya tsinke yana lanƙwasa sandunan bawul.

Bayan inji ya yi zafi ya daidaita, a saita bawul, milimita 0.20 na shiga da 0.35 na fita, a kuma auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen 2F yana nuna wajen psi 150, kuma abin da aka fi dubawa shi ne kada tazarar babba da ƙarama ta wuce kusan 14. A ɗauki hoton ma'aunin a kan kowace silinda, guda shida. Wannan hoton yana kashe gardama da yawa.

Birki da taya fa?

Man birki yana shan ruwa, ruwan kuma yana sa tsatsa a cikin masta da ƙananan silindar ƙafafun baya. FJ60 faifai gare ta a gaba, ganga a baya. A buɗe gangunan, a ɗaga robar bakin silinda: idan da danshi, a sauya duka biyun. A sauya tiyon birki na roba ko da daga waje suna da kyau, domin ta ciki suke kumbura su riƙe birki ya ƙi saki. A zuba sabon man birki DOT 3 a fitar da iska har mai ya fito garau. Kuloci ma da irin wannan man yake aiki, kuma ƙaramar silindarsa ta ƙasa tana yawan yoyo bayan dogon zama.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, a ƙarshen lambar DOT. Lamba huɗu na nufin mako da shekara, 2318 ke nan mako na 23 a 2018. Idan lamba uku ce, an yi ta kafin 2000. Tayar da ta haura shekara 10 ba ta hawa titi komai kyan zanenta. Amma idan tayoyin kamfani ne, ko safaya ce da ba ta taɓa taka ƙasa ba, kada a zubar. A sa sabbi masu girman da littafin motar ya faɗa, a ajiye tsofaffin a haɗa wa mai saye, a ɗauki hoton lambarsu, domin su ma shaidar maleji ne.

Akwai baƙin maiƙo a bayan ƙafafun gaba. Babbar matsala ce?

Sananniyar cuta ce ta Land Cruiser. A kowane ƙarshen aksul ɗin gaba akwai dunƙulen ƙarfe mai ɗauke da gaɓar Birfield, wadda ke juya ƙafa ko da an karya sitiyari, a cikin giris. Idan sil ɗin ciki ya bushe, man giya ya tsallako ya narkar da giris ɗin, sai ya riƙa tsiyayowa, wani lokaci har kan birki. Ɗan danshi ba komai ba ne. Idan yana ɗiga, a buɗe a sauya sil da shimfiɗar goge-goge, a duba boris, a cika da giris mai moli. Aikin yini ne ga makanikin da ya saba, kuma masu tayi sun san kuɗinsa, za su cire shi daga tayinsu in ba a yi ba. Ana nan a juye man aksul biyu da na giya da na akwatin giyar taimako, a kulle hob ɗin gaba, a gwada ƙafa huɗu babba da ƙarama a kan ƙasa ko tsakuwa, ba a kan kwalta ba.

To me zan bari yadda yake?

Fenti, kujeru, kafet, silin, rediyon kamfani, gilasai masu tambarin Toyota, sitikan cikin inji, da ɗige-ɗigen fenti masu launi da ma'aikatan kamfani suka sa a kan notuna da sifirin. Ƙaramar tsaga a dashbod a nuna ta, kada a rufe ta da murfin roba. Kada a ɗaga motar, kada a sa manyan tayoyi, kada a huda ko'ina. Abin da ya shafi tsayawa, tafiya, da gobara a gyara, a ajiye duk tsohon kayan da aka cire a kwali. Sauran kuwa, taɓa su gyaran gangar Auzinawa ne.

Kayan rage hayaƙi na cikin wannan lissafi. FJ60 ta Amurka tana da famfon iska da tarin siraran tiyo a kan inji, mutane da yawa kan cire su. Idan naka suna nan, a bar su. Jihar Kalifoniya tana gwada hayaƙin motocin fetur daga ƙirar 1976 zuwa sama, kuma motar da aka cire mata waɗannan ba za ta wuce ba, ka rasa masu saye na jiha guda.

Yaya ake wanke ta ba a yi ɓarna ba?

Fentin yawancin waɗannan motoci ba shi da rufin ƙyalli a sama, shi ya sa idan ka goga sai ka ga launin ya fito a tsumma. Siriri ne, musamman a kan kusurwoyi da bakin bonet. A wanke da hannu, a gwada man gogewa mafi laushi a wani lungu, a rufe kusurwoyi da tef kafin a kawo inji kusa. In an ci fenti har farar ƙasa ta bayyana, babu dawowa.

Kafin nan a samu na'urar auna kaurin fenti a bi kowane fanni a wurare uku ko huɗu, ana ɗaukar hoto. Fentin kamfani yakan faɗa tsakanin maikuron 80 zuwa 150. Inda aka sake fesawa yakan ninka haka, inda aka yi ciko kuma lambar kan yi tsalle ta wuce 500. Jikin Defender alminiyom ne, sai na'urar da ke karanta ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Idan awo ya nuna an taɓa fesa ƙofa ɗaya, a rubuta.

Ƙasan mota a wanke shi da sabulun cire maiƙo da buroshi, ko a kai wa masu feshin busasshiyar ƙanƙara, wadda ke ɗauke datti ba ta jiƙa komai, a kuma gaya musu su kiyaye alamomin kamfani. Abin da ba a yi shi ne fesa baƙin fenti ko kwalta a shasi dab da gwanjo. Duk mai ido zai ɗauka tsatsa aka rufe, ko da babu. Cikin inji ma kada a yi masa ruwa mai ƙarfi, kada a shafe shi da mai sheƙi.

Na ga tsatsa. In gyara ko in faɗa?

A FJ60 a duba bakin tayoyin baya, magudanar ruwan rufi, ƙasan ƙofar baya, ƙarƙashin kafet, da cikin shasi ta baya. A FJ40, gindin bodi na baya da daɓe. A Defender, shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba, da ƙasan ƙofofi. Jan ƙura a saman ƙarfe a goge a shafa mai hana tsatsa marar launi. Ƙurajen da suka kumburo ƙarƙashin fenti a ɗauke su hoto kusa, da tsabar kuɗi a gefe don a ga girmansu, a bar wa mai saye ya zaɓi mai gyaransa. Rami a shasi kuwa maganar lafiya ce: ko a yi walda mai kyau a ɗauki hoton kafin da bayan, ko a sayar da bayanin cewa yana nan.

Hotuna nawa, kuma na me?

Daga 150 zuwa 300 ba su yi yawa ba, mai saye ba zai zo ya taɓa motar ba. Na waje a ɗauka da sassafe, da yamma liƙis, ko ranar da hadari ya rufe rana, a fili marar tarkace, motar a bushe. Jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye lahani, kuma an san da haka. Kashi ɗaya cikin uku na hotunan ya zama na ƙasan mota, a kan na'urar ɗagawa da fitila mai kyau, daga gaba zuwa baya. A ɗaga kafet. A nuna lambar shasi a duk inda take, har wadda aka buga a jikin shasin ta gaba gefen dama, da lambar inji, da farantin da ke ɗauke da lambar launi. A shimfiɗa jak, jakar sifanu, littattafai da makullai a ɗauka.

Bidiyo uku sun isa. Na farko tayarwa da sanyi: a fara da nuna allurar zafi a ƙasa, a ɗora hannu a kan inji, a tayar, a zagaya a nuna bakin salansa, duk ba yankewa. Na biyu zagaya mota ana kunna fitilu, waifa, hon da hita. Na uku tuƙi ana shiga kowace giya, a taka birki a saki sitiyari kaɗan, a sa ƙafa huɗu. Kada a ɗora kiɗa, ƙarar injin ake son ji.

Tuƙa ta ba zai rage mata daraja ba?

Mil 50 zuwa 100 na gwaji ba sa rage komai, kuma a nan ne yoyo da zafi ke fitowa, gara su fito a hannunka. Sai dai a lura da lamba mai zagaye: idan agogo na 29,900, a tsaya kafin 30,000.

Wane shafi, kuma nawa ake caji?

Bring a Trailer ya fara gwanjo a 2014, kuma can ne masu neman tsofaffin Land Cruiser da Bronco suka fi taruwa. Cars & Bids ya zo a 2020, ya fi karkata ga motocin 1980 zuwa yau. Collecting Cars ya fi ƙarfi a Ingila, Turai da Ostireliya. A dukkansu mai saye ne ke biyan kaso mafi tsoka a kan farashi. A Bring a Trailer kashi 5 cikin 100 ne, da iyakar da ba ya wucewa, mai sayarwa kuma ya biya kuɗin sakawa. Kuɗaɗen na sauyawa, a duba ranar da za a miƙa. Ba kowace mota suke karɓa ba, kuma daga karɓa zuwa fitowa yakan ɗauki makonni.

In sa mafi ƙarancin kuɗin da zan sallama, ko in bar ta a buɗe?

Duba abin da irin taka suka sayu a shekarar da ta wuce, waɗanda aka sallama, ba waɗanda ake nema ba, masu shekara da maleji da yanayi kusa da naka. Shafin zai ja da kai a kan wannan adadi, yakan ƙi wanda ya yi sama. Gwanjon da ba a sa iyaka ba yana jan mutane, tunda kowa ya san za a sallama, amma idan mako ya zo da sanyi haka za ka miƙa makulli. Ra'ayinmu, mai mota ɗaya tilo da ba zai iya jure asara ba ya sa iyaka mai sauƙi, ƙasa kaɗan da abin da yake fata. Motar da ta kasa kai iyakarta tarihinta na nan a intanet tare da lambar shasinta, kuma tayin ƙarshen nan shi mutane za su riƙa ɗauka farashinta.

Me ake so daga gare ni a makon gwanjo?

Kwana bakwai ne galibi, kuma ka zama kusa da motar da wayarka. Za a yi tambaya a bainar jama'a, wasu masana ne, wasu 'yan neman aibi. Amsa cikin sa'o'i kaɗan, da hoto in zai yiwu, ba da zafi ba. Wanda ya ce yana son zuwa ko aiko makaniki, a ba shi dama. Kada ka sa ɗan'uwa ko aboki ya yi tayi don ɗaga farashi, haramun ne a dokar shafukan, ana kuma korar mutum a kai. Kada ka karaya idan farashi ya kwanta har ranar ƙarshe. A Bring a Trailer duk tayin da ya shigo cikin minti biyun ƙarshe yana mayar da agogo minti biyu, kuma a wannan lokacin ne mafi yawan kuɗin ke hawa.

Motata tana Najeriya ko Nijar. Zan iya?

Akwai abin da ke gefenka: busasshiyar ƙasa ba ta cin ƙarfe kamar inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sitiyarinka na hagu kamar na Amurka, kuma Land Cruiser masu dizal irin HJ60 ba a sayar da su can sabbi ba, don haka ana nemansu. Abin da ke wuya shi ne hujjar maleji, sai in motar ma'aikata ce mai littafin tafiye-tafiye. Agogonka kilomita yake ƙirgawa, a faɗi haka, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Amurka na barin motar da ta cika shekara 25 daga watan ƙera ta ta shiga ba tare da cika sharuɗɗan sabbin motoci ba, da fom HS-7 na hukumar sufuri da 3520-1 na hukumar muhalli. Sai an wanke ƙasanta tas, ba a yarda ƙasar wata nahiya ta shiga ba. Lambar shasi ta dace da takardu harafi da harafi. Kwastan ɗin Amurka sun sha kama Defender da aka ɗora wa lambar wata tsohuwa. Masu tayi sun fi sakin kuɗi ga motar da ta riga ta sauka ta samu takardar mallakar wata jiha, don haka a lissafa jirgi, kwastan da rajista kafin a yanke shawara.

An sallama. Sai me?

Shafin zai haɗa ka da mai saye, cinikin kuma tsakaninku ne. Kuɗi ta banki kai tsaye, kuma sai bankinka ya tabbatar sun zauna kafin mota ko takardar mallaka su bar hannunka. Hoton rasit ba biya ba ne, cek kuma yana iya dawowa bayan kwanaki. Idan akwai bashi a kan motar, a biya shi a karɓo takarda tun kafin gwanjo. A rubuta takardar ciniki mai lambar shasi, maleji, farashi da kwanan wata, kowa ya sa hannu. Ranar da mai ɗauka ya zo, a zagaya motar tare da direban ana ɗaukar hoto, a ɗauki agogon maleji, a nuna masa yadda ake jan cok kafin tayarwa, a bar hob ɗin gaba a buɗe. Takardun tarihi da makullin safaya a aika su daban ta hanyar da ake sa hannu a karɓa, inshora kuma kada a soke ta sai motar ta hau tirela.